Shin Da Gaske Ne Ana Yin Leda Mai Ruɓewa Da Ciyawar Teku?

TAMBAYA: Takardu biyu ne muka haɗa wuri guda a wannan mako, domin duk hanya ɗaya suka bi. Ta farko daga wani mai tireda ce a nan Unguwar Dosa, cikin garin Kaduna. Ya ce wani dillali ya kawo masa wata leda mai rubutun Turanci a jiki, ya ce masa wai wannan irin tana ruɓewa da kanta in an yar, kuma wai da kayan teku ake yin ta. Kuɗinta ya ɗara na wadda ya saba saye. Shi ne yake tambaya, da gaske ne akwai irin wannan leda, ko kuwa dabarar cin kasuwa ce kawai? Ta biyu kuma daga wani manomi ce a ƙaramar hukumar Igabi. Ya ce ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya yi ta ramewa tun bazara, da aka ga ba zai tashi ba aka yanka shi, sai aka tarar tumbinsa cunkushe da leda. Yana so ya san ko akwai ranar da za a rabu da wannan masifa.

AMSA: To malamai, mun gode da waɗannan takardu naku. Kai manomi, muna yi maka jaje, Allah Ya mayar maka da alheri. Rasa san huɗa a bakin damina ba ƙaramar asara ba ce, wanda ya taɓa riƙe garma ya san haka.

Bari in fara da gajeriyar amsa kafin mu shiga bayani. E, gaskiya ne, ana yin leda da ciyawar teku, ana kuma yin ta da ɓawon jatan lande da na ƙaguwa, kuma kasuwarta sai haɓaka take yi a duniya. Amma har yanzu kaɗan ce ƙwarai, tana da tsada, kuma ba kowace leda da aka rubuta wa "mai ruɓewa" ce take ruɓewa ba. Saboda haka, Malam mai tireda, riƙe kuɗinka tukuna har ka kai ƙarshen wannan shafi.

ME YA SA LEDARMU BA TA RUƁEWA?

Lokacin da nake koyarwa a firamare, in zan bayyana wa yara abu mai wuya, nakan nemo abin da suka sani in kwatanta da shi. To ku ɗauki carbi. Ƙwayoyi ne ƙanana iri ɗaya aka jera su a zare har suka zama abu mai tsawo. Haka jikin leda yake in an duba shi can ciki, inda ido ba ya gani: ƙwayoyi ne dubbai a sarƙe da juna. Irin wannan sarƙa ita masana kimiyya ke kira polima. Ba kuwa baƙon abu ba ne. Auduga polima ce, sitacin rogo polima ne, ƙaro polima ne, haka ma yauƙin kuɓewa da na karkashi.

Bambancin yana wajen asali. Ƙasar gona cike take da ƙananan halittu waɗanda su ne ke cinye kara da ganye da kashin dabbobi su mayar da su taki. Sun san yadda ake tsinka sarƙar da ta fito daga tsiro ko dabba, don tun fil'azal ita ce abincinsu. Ita kuwa ledarmu ta yau da kullum daga man fetur da iskar gas ake yin ta. A Ingila aka gano sinadarinta cikin 1933, a nan gida kuma akwai masana'antar da ke yin ƙwayoyinta a Eleme, kusa da Fatakwal. Wannan sarƙa baƙuwa ce ga halittun ƙasa, ba su da haƙorin cin ta. Rana da iska sukan sa ta yi rauni ta kakkarye, amma gutsattsarin suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru.

Abin da ya sami san manominmu ke nan. Tumbin dabba ma da irin waɗannan ƙananan halittu yake narkar da ciyawa. In leda ta shiga, ba ta narkewa, ba ta kuma fita. Sai ta dunƙule, wata ta zo ta haɗu da wata, dabba ta riƙa jin cikinta a cike alhali yunwa ke cin ta. Ku tambayi kowane mahauci, zai ba ku labari. Mu kuma na cikin gari muna ganin namu rabon duk damina. A layinmu nan Unguwar Dosa, in an yi ruwa mai ƙarfi, kwata takan toshe, in samari suka fito yashewa kuwa, abin da shebur ke ɗebowa leda ce da buhunan fiya wata. Duniya tana yin roba sama da tan miliyan 400 a kowace shekara, kuma wadda ake sake narkawa a yi wani abu da ita ba ta wuce kashi 9 cikin 100 ba.

ABIN DA AKE SAMU A TEKU

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, to bari in kwatanta. Ciyawar teku 'yar'uwar gansakukar da kuke gani a tafki ce, amma ita tana girma, wata kamar igiya, wata mai faɗi kamar ganyen ayaba. Akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ƙasa. Jikinta yana da yauƙi da danƙo, shi ke sa igiyar ruwa ta yi ta kaɗa ta ba ta karyewa. Wannan yauƙi shi ake nema. Akan dafa ciyawar, a tace, a fitar da shi a busar ya zama gari. In aka dama garin aka shimfiɗa shi siriri ya bushe, sai ya ɗago kamar fatar da ke taruwa a saman koko in ya huce. Mafarin ledar ke nan.

Iri uku ne suka fi shahara. Daga jar ciyawa ake samun aga da karajinan. Daga mai ruwan ƙasa kuma ake samun aljinet, wanda wani masani a Birtaniya ya fara fitarwa cikin 1881. Kada sunan ya tsorata ku, ba ruwansa da aljanu. Kuma mai yiwuwa ne kun sha amfani da su ba ku sani ba, don ana sa karajinan a wasu man goge baki da askirim domin su yi kauri, aljinet kuwa yana cikin wasu magungunan ƙwannafi da audugar ɗaure miki, shi ne ma abin da likitan haƙori ke cusa wa mutum a baki in zai ɗauki fasalin haƙoransa.

Abu na biyu shi ne ɓawo. Ɓawon jatan lande da na ƙaguwa suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira kitin. In an wanke shi aka sarrafa, sai ya koma kitosan, wanda shi ma ana iya shimfiɗa shi ya zama fata mai haske. An ƙiyasta cewa masana'antun abincin teku na duniya suna zubar da ɓawo tan miliyan 6 zuwa 8 a kowace shekara. Watau abin da da ake biya a kwashe, yanzu an fara biya a saya.

Tun da daga halitta aka samo su, halittun ƙasa sun san su, suna kuma cin su. Sirrin ke nan, babu wani tsafi a ciki.

YAYA KASUWAR TAKE?

Noman ciyawar teku babbar sana'a ce. Bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da aka samu a 2019 ya kai wajen tan miliyan 35, kuma ƙasashen Sin da Indunisiya su ne kan gaba. Yawanci ci ake yi, ko a fitar da wancan gari. Yin leda da ita sabon reshe ne. Cikin 2023 Bankin Duniya ya fitar da rahoto inda ya ce sababbin kasuwannin ciyawar teku guda goma, har da na leda da abincin dabbobi da sinadarin ƙarfafa shuka, suna iya kai wa dalar Amurka biliyan 11.8 nan da 2030. Ku lura, hasashe ne, ba kuɗi ne a hannu ba.

Ga misalai biyu na zahiri. A birnin Landan akwai wani kamfani mai suna Notpla. Cikin 2019, a gasar tseren dogon zango ta birnin, ya raba wa 'yan tsere abin sha a cikin wasu ƙananan ƙunshi na ciyawar teku, sama da guda 30,000. Mutum ya jefa a baki ya fasa, in ya so ya haɗiye har da fatar, in ya so ya tofar. Ku kwatanta da fiya wata wadda ake cinye ledarta. Cikin 2022 kamfanin ya ci kyautar Earthshot ta fam miliyan 1, kuma yana yin kwalin zuba abinci wanda aka shafe cikinsa da ciyawar teku maimakon roba. A 2019 ɗin kuma wata ɗaliba a Jami'ar Sussex, Lucy Hughes, ta ci babbar kyautar James Dyson saboda wata leda da ta haɗa da fatar kifi da ɓawonsa da kuma aga.

Me ke tura wannan kasuwa gaba? Doka ce. Ruwanda ta haramta leda a 2008. Kenya ta bi sahu a 2017, da hukunci mai tsanani har da ɗauri. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar a 2014, ko da yake wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san leda ba ta tafi ko'ina ba. A nan gida, jihar Legas ta haramta farin mazubin abinci na soso a Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta fara aiwatar da haramci a kan siririyar leda da kofuna da cokulan roba na amfani sau ɗaya. Gwamnatin tarayya ita ma cikin 2024 ta hana amfani da irin waɗannan a ma'aikatunta. Duk inda aka toshe wa leda hanya, dole 'yan kasuwa su nemi madadi, masu kuɗi kuma su zuba jari a wurin.

Amma fa kada a ɗauka an gama. Duk robar da ake yi da tsirrai da halittu a duniya, in an haɗa ta, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na robar da ake yi ba. Ta teku kuwa ɗan yanki ce a cikin wannan ɗan kaɗan, don mafi yawa da masara da rake ake yi.

Dalili biyu ne. Na ɗaya tsada: masana'antun ledar fetur manya ne, sun daɗe, suna fitar da kaya jibgi, shi ya sa mai tumatir ke iya ba ka leda kyauta. Na biyu kuwa, abin da ya sa take ruɓewa shi ne kuma rauninta. Ledar ciyawar teku tana son ruwa, tana tsotsar danshi ta yi laushi. Ta dace da busasshen kaya ko mai maiƙo, kamar ƙullin yaji ko kwalin soyayyen abinci. Amma a ce a ƙulla kunun zaƙi ko zoɓo a ciki a jefa cikin ƙanƙara tun safe har yamma, ko a jibge buhun fiya wata na mako biyu a shago, wannan har yanzu ana fama.

TO MALAM MAI TIREDA, GA TAKA

Ban ga ledar da aka kawo maka ba, don haka ba zan ce dillalinka ƙarya yake yi ba. Amma ka san kaya iri uku ne ke yawo da suna ɗaya.

Akwai ta gaskiya, wadda aka yi da ciyawar teku ko sitaci, tana ruɓewa cikin ƙasa mai danshi a 'yan makonni ko watanni. Akwai ta biyu, wadda aka yi da masara, amma ba ta ruɓewa sai an kai ta wata masana'antar taki mai zafin wajen digiri 60. In ka yar da ita a bola sai ta daɗe tana kallonka. Sannan akwai ta uku, ita ce mai hatsari: ledar fetur ce zalla aka zuba mata wani sinadari da ke sa ta saurin farfashewa. Ido ya daina ganin ta, amma tana nan ta zama gari cikin ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta haramta wannan iri tun 2021. Har ma a Jami'ar Plymouth ta Ingila an yi wani gwaji da aka bayyana a 2019: an binne ledoji masu irin wannan rubutu har shekara 3, da aka tono su, wasu suka ɗauki kayan cefane ba su yage ba.

To sai an gwada akan san na ƙwarai. Karɓi guda uku kawai. Ta farko, yanki ƙyalle ka jefa a ruwan zafi ka juya. Ta ciyawar teku da ta sitacin rogo sukan yi laushi ko su narke, ta fetur kuwa ko gezau. Ta biyu, kai ta waje ka kusantar da gefenta ga ashana, a hankali. Ledar fetur takan narke tana ɗiga, tana warin kyandir, ta tsiro zalla kuwa takan ƙone kamar ganye ta bar toka. Waɗannan biyu alamu ne kawai, ba hukunci ba. Alƙali shi ne ƙasa. Ta ukun, haƙa rami kamar taƙi ɗaya inda ke da danshi, ka sa ɗan taki, ka binne ta tare da baƙar leda ta gida domin kwatance, ka kafa tsinke. Bayan wata uku ka tono. In ta cinye ta yi huji-huji kamar tsohon ganye, to ta gaskiya ce. In ta fito lafiya lau, ko ta farfashe amma gutsattsarin suna da ƙarfi da launinsu, ka san abin da za ka gaya wa dillali. Ka kuma tambaye shi sunan kamfanin da adireshinsa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin tambaya.

INA RABONMU A CIKI?

Wani zai ce, mu da ke Arewa ina mu ina teku? Tambaya ce mai kyau. Bari mu leƙa Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya a gabashin Afirka. Can aka fara noman ciyawar teku don sayarwa a 1989, da irin da aka kawo daga Filifin. Manoman sun haura 20,000, galibinsu mata. In ruwa ya janye sai su shiga su kafa turaku, su ɗaura igiya, su ɗaɗɗaure 'yan rassan ciyawar a jiki. Ba taki, ba ban ruwa, bayan kamar mako shida a girbe a shanya. Sana'ar ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma kukansu irin naku ne: suna sayar da ɗanyen kaya da araha, a kai waje a sarrafa, ribar ta tsaya can. Ga shi kuma ruwan bakin gaɓa ya ƙara ɗumi, irin da ya fi daraja yana mutuwa. Manomin gyaɗa da na auduga ba sai an fassara masa wannan labari ba.

A gaɓar tekunmu kuwa, tun 2011 wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake kira sargasum take tasowa jibgi-jibgi daga Saliyo har Nijeriya, tana cika wa masunta taru. Tana da aljinet, amma takan ɗauko guba daga ruwa, sai an tace ta sosai kafin a kusantar da ita ga abinci. Shi kuwa busasshen jatan landen da ake kawo mana daga Oron ta jihar Akwa Ibom, wanda kuke gani a kasuwar Kawo, da ɓawonsa muke dakawa mu zuba a miya, ba ya barin shara.

Abin da ya fi kusa da mu yana kan tudu. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya, kuma a Indunisiya ana yin leda da sitacin rogo. Muna da ƙaro a Jigawa da Yobe da Borno. Kai, ita kanta farar da ake soyawa a Maiduguri da Maraɗi, wannan kitin ɗin na ɓawon jatan lande shi ne a jikinta, kuma masana suna binciken fitar da shi daga ƙwari. Ban ce kowa ya fara tara fukafukan fara ba, don ban san mai saye ba tukuna. Abin da nake cewa shi ne, in wannan kasuwa ta iso, kada mu tsaya a masu saye kawai. Ƙungiyoyin manoma su riƙa tambayar malaman gona da jami'o'inmu, irin su ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ina aka kwana a wannan fanni.

KAFIN TA ISO

Kai manomi, gaskiya ɗaya ce: ba bana ba, kuma mai yiwuwa ba baɗi ba. Sauran shanunka ba za su iya jira ba, don haka rigakafi ya fi magani. Dabba ta fi cin leda a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, kuma ƙanshin gishiri da mai da ke jikin ledar ne ke jan ta. Ka tanadi harawa da ƙaiƙayi da dusa tun kaka, ka ajiye mata kanwa ko gishirin lasa, kada ka sake ta ta yi kiwo a bola ko filin kasuwa bayan an tashi. In za ka kai takin bola gona, a tsince ledar tukuna, don ita ke hana ruwa ratsa ƙasa, ta kuma naɗe saiwa. In ka ga dabba tana ramewa alhali cikinta a kumbure, tana rage tuƙa, kai ta asibitin dabbobi da wuri. Likitoci suna iya yin aiki su fitar da ledar, dabba ta tashi, in ba a makara ba.

Ku kuma 'yan kasuwa da masu cefane, ku tuna mun yi zamani ba leda. Goro daga Kurmi yake zuwa har Kano cikin huhu, ganye ne ke tsare shi bai bushe ba. Alala a ganye ake ƙulla ta, tsire a takarda, hatsi a kwando da ƙwarya, mai a kwalba. Abin da Turawa ke kashe miliyoyi suna nema a ƙarƙashin teku, watau mazubin da zai gama aikinsa ya koma ƙasa, kakanninmu da shi suka rayu. Mai tireda, in mutum ya sayi ashana ɗaya da sabulu ɗaya, tambaye shi ko yana bukatar leda kafin ka miƙa. Ka rage kashe kuɗi, ka kuma rage wa kwatar layinku kaya. Uwargida, ki riƙe jakarki ta zuwa kasuwa.

Malam mai tireda, muna jiran takardarka bayan wata uku, ka gaya mana abin da ka tono, mu kuma mu karanta wa jama'a. Sauran masu saurare, ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.